Matakala Ta Tara

A Vardø, can ƙuryar arewacin Norway,
inda rana kan yi wata biyu ba ta leƙo ba,
Torunn na zaune, ga fitila, ga gahawa ta huce,
tana binne tsoro kamar mai binne iri.

A shafi na uku ta rubuta, kamar da wasa:
matakalar gidan goma sha huɗu ce,
ta taran tana kuka in an taka ta.
Maigidan masunci ne, Oddvar,
in ya dawo daga teku da tsakar dare
sai ya tsallake ta, kada ya ta da matarsa.
Shi ke nan. Ta koma zancen kifi,
da tsadar man jirgi, da maƙwabciya mai surutu.

Mai karatu ya gani, ya murmusa, ya mance.
Haka take so.
Abin da aka nuna da yatsa ba ya firgita kowa,
sai wanda aka ajiye a wutsiyar ido
ya kwana, ya kumbura shi kaɗai.

A shafi na sittin teku ta ci Oddvar.
An tsinci hularsa, ba a ga gawa ba.
Edita Steinar ya bugo waya yana faɗa:
"Ina dodon? Mutane za su yi gyangyaɗi!"
Ta ce, "Ƙyale su.
Mai ɗana tarko ba ya tari."

Shafi na ɗari biyu da sha ɗaya.
Matar ita kaɗai a sama, ƙofa da sakata,
ƙanƙara ta toshe taga.
Sai taku.
Ɗaya. Biyu.
Da nauyi, da ɗigar ruwa a kan katako.
Mai karatu na ƙirge bai ma sani ba,
shida, bakwai, takwas,
ya kasa kunne yana jiran kukan nan,
ai ɓarawo bai san gida ba.

Shiru.

Goma.

Bashin da ta ci tun shafi na uku
ta biya shi da shiru ƙwaya ɗaya,
kuma tsigar jikin mai karatu ce shaida.

Torunn ta rufe alƙalami, ta kashe fitila,
ta lalubi bango, ta fara hawa.
A ta takwas ta tsaya,
ta ɗaga ƙafa, ta tsallake,
alhali shekara shida ke nan
babu mai barci a saman.