Jan Bulo

Ni ne mai ƙona bulo a bakin Nilu,
ƙasa da Madani, inda laka ke da maiƙo.
Shekara arba'in hayaƙi na kwana a gemuna.

Ran da suka shigo unguwarmu da igiyar awo
ina tsaye.
Wani yaro mai hular roba ya tsoma buroshi a gwangwani,
ya rubuta lamba a bangon Gwaggo Zinaru,
ja wur, sittin da huɗu,
kamar buhun audugar da za a ɗora wa jirgin ƙasa.
Ta fito da ƙullun kisra a hannu,
ta ce, ɗana, kakana ya ɗora bangon nan
a hanyarsa ta zuwa Makka.
Yaron ya ce, to ya isa?
Ta ce, bai isa ba. Mu ne kayan da ya sauke.

An ce jami'a ta cika ta batse.
Ɗalibai shida a ɗakin mutum biyu,
daga Kassala, daga Nyala, daga Dongola,
suna haddar darasi a gindin fitilar titi.
Wa zai ce kada a yi musu inuwa?
Ni dai ban ce ba.
Sai dai inuwar da aka sare don a yi tasu
dalbejiyar Malam Hamidan ce,
wadda muke raɗa wa 'ya'yanmu suna a gindinta.

Aka ba mu fili can bayan magudanar gonaki,
inda mai raksha ke ninka kuɗi kafin ya kai ka,
da takarda mai hatimi, da ƙunshin kuɗi
da ya narke kamar gishiri kafin damina ta tsaya.
Tijjani mai agashe ya biyo mu da tukubarsa,
kwana uku yana gasa wa ƙudaje nama,
ya naɗe tabarmarsa ya koma.

Sai ga Injiniya Mu'utasim a bakin kogi,
takalmi na ƙyalli, yana tsallake taɓo.
Bulo dubu ɗari biyu yake so.
Na daɗe ina kallon ruwa.
Gida akwai bakuna tara.
Na ce, kawo kafin alƙalami.

Na kwaɓa, na buga, na shanya, na ƙona.
Kowace motar da ta ɗauka
ta san hanyar gidana fiye da ni yanzu.
Wasu ɗanyun bulo na danna musu babban yatsa,
ban gaya wa kowa ba.

Bana jikata Sittana ta samu gurbi,
tana karatun haɗa magunguna.
Ranar Juma'a na je da dabino a leda.
Mai gadi ya ce, Baba, ina katinka?
A wurin da yake tsaye
nan jakina ya taɓa karya ƙafa.

Ta sauko ta kama hannuna, hawa uku,
gwiwa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.
Gado huɗu, fanka na juyawa,
famfo a cikin ɗaki, ka murɗa ya zo.
Na leƙa taga na nemo hasumiyar masallaci,
ita kaɗai suka bari,
na ƙirga taku daga nan da ido.
Na ce, Sittana, cibiyarki na ƙarƙashin matakalar can.
Kakarki ta binne ta, ni na haƙa ramin.
Ta yi dariya, ta ce, Baba, gobe ina da jarrabawa.

Da zan sauka na bi bango da tafin hannu.
Sun shafe shi da siminti, sun yi masa farin fenti,
sumul, babu inda yatsa zai faɗa.
A ƙofa Tijjani na fifita garwashi,
ɗalibai sun yi masa layi,
ya ɗaga min tsinke ɗaya, ya ce na zauna.
Na ce yamma ta yi,
kuma gida yanzu da nisa.