Shagon Barira

Daren Laraba, an ɗauke wuta a Gwammaja,
na baje rasidai a kan tabarma,
fitilar waya a tsakanin haƙorana,
ina lissafin abin da hukuma za ta yanka
daga gumin shekara.
Albashina, da hayar shaguna biyu
da Baba ya bar min a Ƙofar Wambai:
in an haɗa su a takarda sai su yi ƙiba,
a tukunya kuwa ramammu ne.

Tasi'u Akanta ne ya raɗa min a bakin masallaci,
yana laluben warin takalminsa:
"Malam Habu, jaki ɗaya ka labta wa kayan duka.
Kowane rai yana da ɗan rabon
da wuƙar haraji ba ta taɓawa.
Mayar da shago ɗaya sunan 'yarka,
hayar ta zama tata,
naka nauyin ya ragu."
Na ce, ya halatta?
Ya ce, "Ya halatta, in kyautar ta gaske ce."
Ya sami takalmin, ya wuce.
Kunnena ya riƙe farkon maganar,
ƙarshenta ya bi iska.

Barira, shekara bakwai,
haƙoran gaba biyu sun tafi yawo.
Na goya ta a babur zuwa wurin lauya.
Ni na sa hannu a madadinta,
amma ta kafe sai ta rubuta sunanta,
ta yi shi da fensir a gefen takarda,
harafin farko yana kallon baya.

Shekarar nan wuƙar ta yi sassauci.
Abin da ya tsira ya sayi buhun shinkafa,
ya sauya tayar babur,
har na yi wa kaina kirari a zuci.

Sai ranar da Ɗan'azumi mai robobi ya kawo haya.
Na miƙa hannu kamar kullum,
ina tunanin bashin mai siminti.
Ladidi tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba:
"Kuɗin wa kake ƙirgawa?
Ka yi kyauta a gaban hukuma.
Wanda ya fi hukuma fa, ba ya wurin?"
Rariya ta ci gaba da magana,
ni na rasa tawa.

Yarinyar kuwa ashe ta ji.
Ta zo ta tsaya, hannu a ƙugu:
"Baba, wai ina da shago?
To ka kai ni in gan shi."

Asabar muka kutsa cikin kasuwa,
tsakanin 'yan dako da masu baro.
Ta ƙirga bokitai har ta ɓace a sha tara,
ta ɗaga kai ta ga rana na leƙowa ta rufi.
"Kawu, kwanon nan ya huje.
Kafin damina za mu gyara maka."
Ɗan'azumi ya yi dariya har da hawaye:
shekara uku yana roƙona,
yau ga mai shago ta zo.

Yanzu ina da littafi mai jan bango
a ƙarƙashin katifa.
Kuɗin makaranta: daga nata, an rubuta.
Kwano biyu da ƙusa: an rubuta.
Dubu goma da na ara ranar sunan ƙaninta:
an rubuta, da ranar biya.

Tasi'u ya tambaye ni ko dabarar ta yi.
Na ce ta yi.
Na yi gudun gara, na faɗa gidan zago.
Na ofis sau ɗaya yake zuwa a shekara,
wannan kuwa kullum muna cin tuwo tare,
ta dube ni ta cikin giɓinta
ta ce, "Baba, nawa ya rage?"