Tsallen Allura

A Valparaíso gidanmu yana rataye jikin tudu,
kamar wanda ya zo leƙen teku ya manta hanyar komawa.
Can ƙasa jiragen kaya suna gunji.
Nan sama ni ce da akwatin Baba Baldomero:
faifan garmaho sittin da huɗu,
suna warin gishiri da tsohuwar taba.

Froilán ɗan maƙwabta ya sauke mini manhajar.
Na ce nawa? Ya yi dariya.
Wai wasu ne a ƙasashe barkatai suka haɗa ta
bayan sun tashi aiki, ba su nemi ko sisi ba.
Ban san sunan ko ɗaya ba,
amma na yi musu godiya a fili, ni kaɗai a ɗaki.

Waya mai kai biyu, ja da fari,
daga ƙeyar garmaho zuwa cikin kwamfuta.
Na share faifai da tsumma ina bin zagayensa,
na danna jan maɓalli,
na sauke allura kamar mai kwantar da jaririn da barci ya ɗauka.

Sai ga murya a kan allo:
shuɗɗan tsaunuka, kwari a tsakani.
Ashe haka waƙa take idan an shimfiɗa ta.

Ba a gaggawa a nan.
Kowane gefe minti ashirin da biyu,
sai ka zauna ka biya su cif.
Karon farko na cika ƙara, kawunan tsaunuka suka sha aski.
Na biyu babbar mota ta hau tudu, tebur ya amsa mata.
Na uku, kyanwa.

Akwai inda ake wanke sauti.
Ka nuna wa manhaja shirun da ke gaban waƙa,
shirun nan mai ƙauri, kamar ana suyar kifi a nesa,
ta haddace shi, ta bi ta tsince shi ɗaya bayan ɗaya.
Amma waƙa ta uku a gefe na biyu tana da tabo:
allura takan yi tsalle ta haɗiye kalma ɗaya da rabi.
Dare biyu na kwana a kansa.
Na aro kalmar daga amshi na gaba,
na ɗinke wurin, ko zare ba a gani.

Na yanka waƙoƙi, kowace da sunanta,
na ƙona faifan sidi a hankali,
ya fito da ɗumi kamar burodi.

Mama Ismenia tana kicin tana feren dankali.
Na sa mata. Ta bi waƙar da hanci, kai yana kaɗawa.
Da aka zo wurin sai ta tsaya ta ja numfashi,
mai waƙa kuwa ta wuce abinta, ta bar ta a baya.

Wuƙa ta tsaya a cikin dankali.

Ta ce, wa ya taɓa?
Daren da ƙasa ta girgiza rawa muke yi.
Ubanki ya riƙe ni da hannu ɗaya,
da ɗayan ya tare fitila,
babu hannu na uku da zai tare allura.
Shekara arba'in a nan nake shan iska,
yanzu kin toshe mini taga.

Allah ya so Froilán ya gargaɗe ni:
kada a goge ɗauka ta farko.
Na koma na same ta da suyar kifinta, da tabonta,
na ƙona wani faifan.
Ban rubuta komai a kansa ba sai sunan Mama.

Shi kuwa wankakken,
na sa masa zare na rataye a baranda.
Yana juyi, yana watsa rana,
yana korar tantabaru daga tukunyar na'a-na'a.