Igiya

Akawun tashar Brest ya buɗe littafi,
ya ce, "Goulven Abgrall, jero muƙamanka
a san fanshon da ya kamace ka."
Na ce, rubuta, amma bi sannu,
alƙalaminka ya fi ƙafata sauri.

Ina shekara tara aka kira ni yaron jirgi.
Ba muƙami ba ne, ƙanzon tukunya ne:
ɗauko albarushi, kai wa igwa,
goge aman wanda ya girme ka,
kwana inda ɓera ya raina.

Sai sabon hannu. Sai matuƙi mai daraja ta uku,
ta biyu, ta ɗaya,
tsani ne da kowane taki nasa
ƙarin kwabo ne da ƙarin tabo.
Yatsan nan da ba ka gani,
daraja ta biyu ce ta haɗiye shi.

Sannan duniya ta yi juyin waina.
'Ya'yan sarauta suka naɗe kaya cikin dare,
muka wayi gari babu "ranka ya daɗe",
kowa ɗan ƙasa, har mai wanke bene.
Tugdual mai dafa wake ya hau ganga
ya ce daga yau ba babba ba yaro.
Muka jefa bulala a ruwa, muka yi sowa.
Kwana goma sha ɗaya muna uwa ɗaya uba ɗaya.

Ran na sha biyu hadari ya haɗo daga yamma.
Ashe teku ba ta ji sanarwa ba.
Mutum ɗari huɗu, baki ɗari huɗu,
filafilai na yagewa ana ta shawara.
Sai na ji usur a tafina, ban ga mai miƙowa ba.
Na busa. Suka ja.

Da safe suka ɗaga hannu suka zaɓe ni
shugaban masu jan igiya.
Daga baya aka ɗinka mini wata a hannun riga,
ni da igiya ta riga ta cinye wa tafi.
Albashin kuwa takarda ne,
mai burodi ya duba ya yi tsaki.

Ka gama? Saura layi ɗaya.
Rubuta Derrien, yaron jirgi, shekara goma.
Shi ya miƙo usur ɗin, sai daga baya na ji.
Igiyar ruwa ta ɗauke shi kafin asuba.

Kar ka ja layi a gurbin muƙaminsa.
Bar shi fari. Yana kan hanya.