Gadar Aro

Ƙarfe uku na rana, duhu ya riga ya rufe arewacin Norway.
Kanar Torunn Eikeland na tsaye bakin kogi,
tankoki sha huɗu a bayanta suna gurnani,
suna shan man da ba ta san ranar zuwan wani ba.

Bara, injiniyoyin nata ne.
Ta san mai tari, ta san wanda matarsa ta haihu.
Bana sabon kundi ya kwashe su zuwa hedikwata,
shafi na arba'in da biyu:
a nema, a jira, a raba bisa buƙata.

Tun asuba ta nema.
Gadar tana wani kwari, wasu na takawa.

Kundin bai yi ƙarya ba.
Gada ɗaya ta ishi runduna uku
in koguna za su yarda su bi layi.
Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Rediyo ya ce: awa shida.
Ta cire safar hannu,
ta goge kibiyar da ta zana jiya a taswira,
ta ce a kashe injuna.

Sai ƙarar ƙanƙara tana tsagewa,
da wani kurtu yana tambaya
ko da sauran kofi.