Rijiyar da Suka Cire

A littafin, matuƙiyar kumbon tsohuwa ce
mai ɗingishi, tana ƙirga ɗigon ruwa.
Jar duniyar da suka sauka
ni na ara mata duwatsun Adar,
na'urar kuwa, muryar kawuna mai tari.

Daren jiya a Tawa, gidan kallon Zabairu,
sai ga budurwa da bindigar haske.
Shafi arba'in na haƙar rijiya
an haɗiye su ko tauna babu.

Taurarinsu dai, wallahi, sun fi nawa.

Ana tsakiyar yaƙi aka ɗauke wuta.
"Kai da ka karanta, yaya ta ƙare?"
Na gyara zama cikin duhu,
na mayar wa tsohuwa ɗingishinta,
na miƙa mata guga.