Littafin Bashin Yaya Tanimu

A aljihun rigarsa, wadda har yau ba mu wanke ba,
na tarar da ɗan littafi, bangonsa ya sha maiƙo.
Yaya Tanimu bai bar gona ba, bai bar akuya ba,
sai layi huɗu na bashin shayi.

Na fita ran Talata, marka ta ɗan tsagaita,
na fara da Ƙofar Doka.
Teburin Mato na nan, gwangwanin madara a jere,
butar na huci bisa gawayi.
Na ce, "Ɗari bakwai da hamsin."
Ya dubi littafin, ya dube ni,
ya ɗaga kofi sama, ya tsiyayo shayin zare ɗaya
ba ɗigon da ya taɓa ƙasa.
"Zauna tukuna. Can ƙarshen benci yake zama,
ƙafa ɗaya a waje kamar mai shirin tafiya,
amma sai an kira isha'i yake tashi."
Ya karɓi kuɗin. Na ji daɗi da ya karɓa.

Daga nan na kutsa lungunan Babban Dodo,
katangun jar ƙasa sun jiƙe, suna ƙamshin tulu sabo.
A gindin wani rimi, Agali na fifita wuta da murfin kwali,
'yan kofunansa ba su wuce babban yatsa ba.
Ganyen ya dahu har ya yi ɗaci,
na kurɓa, harshena ya tattare.
Na miƙa ɗari huɗu, ya ture hannuna.
"Sau uku ya gyara mini rediyo.
In lissafi za a yi, ni ake bi."
Ya ƙara mini kofi. Wannan da sukari.

Layi na uku ya ba ni mamaki:
Samaru, dubu biyu.
Shago mai gilashi, inji na gurnani,
ɗalibai sun sunkuya kan kwamfuta ba mai ce wa wani sannu.
Yaya da ke cewa gahawa maganin shawara ce
me ya kawo shi nan?
Rumasa'u ta yi dariya, sannan ta goge ido da bakin mayafi.
"Baba mai hula shuɗiya?
Ba sha yake yi ba.
So yake ya ga yadda nake zana ganye a kan kumfa.
Ya ce sai ya koya, ya je ya ba Mato haushi."
Ta zana mini guda. Na sha ganyen, na biya.

Saura layi ɗaya, ba adadi a gabansa.
Kufena. Ni da Iro.
Iro ni ne.
Ina ɗan shekara tara ya ce zai kai ni kan dutsen,
in an yi hutu, in ya sami keke, in ruwa ya ɗauke.
Na manta tun tuni. Shi ya rubuta.

Na cika fulas wurin Mato, citta da kanumfari,
na hau acaɓa har bayan Wusasa,
sauran na taka.
Dutsen na da santsi, gwiwata ta shekara hamsin tana ƙorafi,
sau biyu na zauna, ƙadangare na gyaɗa mini kai.

A sama iska ba ta san kowa ba.
Masara kore shar har inda ido ya gaji,
rufin kwano na ƙyalli, hasumiyoyi, kawunan rimi,
birnin duka bai fi faifai ba.
Na nemi Ƙofar Doka, ban gane ta ba.

Na zuba kofi biyu.
Na shanye nawa tun da zafi.
Nasa ya huce, ƙuda ya zagaya bakinsa,
sai na shanye shi ma, don Yaya ba ya son ɓarna.

Na ciro biro zan soke layin.
Hadari ya taso daga gabas,
na mai da littafin aljihu, na fara neman hanyar sauka.